Ranar da Aka Huda Kwamin Ɗigo

"Kai! Kai! Injiniya, ajiye abin nan!"

Maman Ɗigo ta fito daga kicin a guje, waya a hannun dama, soson wanke-wanke a hagu, saƙon muryar da take yi wa innarta ma bai tsaya ba. Ƙanin mijinta yana durƙushe a gindin kwamin iyo, ya dasa bakin injin huji a jikin shuɗiyar ledar, saura kawai ya danna.

"Ikon Allah," ya ce, ya ɗago gemu. "Matar Yaya, ba ke kika dame ni da waya kwana uku kan in zo in huda ba?"

"Ka huda na ce, ban ce ka farke ba. Ka ɗauka tankin ruwa ne?"

"Shekarata goma sha ɗaya ina aikin famfo."

"Ni kuma shekarata tara ina yanka yadi. Matsa."

Ta mayar da wayar bakinta. "Inna, kin ji ko? Saura ƙiris ya gama da mu. Bari zan sake turo miki." Ta tura, ta soke wayar a aljihun riga.

Kwamin nan dai ba irin na masu hali ba ne, wanda ake haƙa ƙasa a liƙa tayil. Na leda ne mai kauri, zagayayye, da ƙafafun ƙarfe irin na rumfa, tsayinsa iya cinyarta, faɗinsa taku shida. Maƙwabcinsu ne da zai tashi ya ga ɗaukarsa wahala, ya bar musu shi har da ɗan injin tace ruwan. Ya cinye rabin bayan gida, sai da aka matsar da igiyar shanya. Injiniya, wanda ita ta laƙa masa sunan don tsokana, bahon ƙattai yake ce masa.

Ba don ƙawa ta karɓa ba. Don Ɗigo ce. Bakwaini aka haife ta, 'yar firit, kakarta na leƙa ta ta ce ai wannan ɗigo ce, sunan ya bi ta. Yanzu shekararta uku da wata biyu, baki kamar aku, amma ƙafa shiru. Tana miƙewa in ta dafa kujera. A sake ta, sai ta zauna daɓas ta hau dariya. Sista mai motsa wa yara ƙafa a asibiti ita ta ce, in da hali a riƙa tsayar da ita cikin ruwa iya ƙirji, ruwa yana ɗauke wa yaro nauyin jikinsa, ƙafa ta samu ta koyi aikinta.

To, sati biyu ana shiga, sai ruwa ya fara halinsa. Baki ɗaya ne ke maido da ruwan da injin ya tace, kuma kusa yake da wanda ke zuƙewa. Gefen nan sai ya yi ta motsi, wancan gefen kuwa ya kwanta kamar na kududdufi. Kwana huɗu ya yi kore, jikin ledar ya yi santsi. A nan Ɗigo ta kwaso ciwon kunne. Baban Ɗigo da ya dawo da ita daga asibiti a kafaɗa bai yi faɗa ba, da ma shi ba mai faɗa ba ne. Cewa ya yi, "Ranar Asabar zan naɗe abin nan."

Ta roƙe shi gwaji ɗaya. Mai shagon maganin ruwa ya gaya mata ruwan da ba ya yawo shi ke lalacewa, a ƙara masa baki na biyu a ɗaya gefen. Ta nemo bidiyon wani mutum yana yi, ta kalla sau tara. Yaren mutumin ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba, amma hannunsa ya shiga idonta. Jiya ta sauke ruwan kaf, ta goge ledar da buroshi har ƙugunta ya riƙe, ta tara sabon ruwa ta tsayar da shi taƙi ɗaya ƙasa da inda za a huda. Yau Juma'a. In hujin ya ɓaci, ba sai an jira Asabar ba ma.

"To malama tela, koya min aikina," in ji Injiniya, ya ajiye injin.

"Taɓa nan. Ka ji yadda ya ɗame? Ruwa ne ke jansa. Yadin da ya ɗame haka, ka ba shi 'yar tsaga kaɗan, bin ta zai yi har ƙasa, fiiit. Injinka haƙora ne da shi. Ni almakashi zan sa."

"Almakashi!"

"Na surfani ma kuwa. Shiga ciki ka tare min."

Ya naɗe wando yana gunaguni ya tsallaka ciki. Daga inuwar bango, inda aka zaunar da ita a 'yar kujerarta da agwagwar roba a cinya, Ɗigo ta ƙyalƙyale. "Baba Ƙarami zai yi wanka da riga!"

"Uwarki ce ta sa ni, 'yar nan. Ki shaida."

Maman Ɗigo ta ɗauko zoben roba ɗaya cikin biyun da suka zo da sabon bakin da ta sayo, ta manna shi a jikin ledar, ta zagaye cikinsa da allin ɗinki. Da'ira ta fito fara tas, kamar bakin kofin shayi. Sai a lokacin ta tsaya tana jujjuya almakashin. Ita da take yanka leshin amare ba ta ko ƙifta ido. Ta goge tafin a zani, ta yi bismilla, ta soka tsinin almakashin a tsakiyar da'irar.

Ƙarar ba ta fi ta tsinkewar zare ba, amma har cikin haƙoranta ta ji ta.

Ba ta nufi layin allin kai tsaye ba. Daga tsakiya ta fara, tana zagayawa tana buɗawa a hankali kamar mai feraye lemo, ba kwana, ba tsalle. Injiniya ya tallabe ledar ta ciki da tafukansa biyu, ya daina ko numfashi. Da ta zo kusa da layin sai ta tsaya, ta bar farin allin a jiki.

"Ai ba ki kai ba," ya ce.

"Wuyan riga ma haka nake yi. In ya yi kaɗan zan ƙara. In ya yi yawa, me zan ce wa yayanka?"

Guntun ledar ya faɗo a tafinta, a nannaɗe. Ta leƙa ta hujin, ta hango gwiwar Injiniya. Wani ihu ya ƙwace mata. Kafin ya ce wani abu ta zaro waya.

"Inna! An huda! Wallahi ni na huda da hannuna! Ko tsaga babu, Inna, kamar da shi aka ƙera shi. Ki gaya wa su Anti. A'a bari, ni zan gaya musu."

"Gidan Rediyo ya buɗe tasha," in ji Injiniya. "Miƙo min bakin kafin ki karanta labaran duniya."

Ya gwada tura shi, ya ƙi shiga. Ya kalle ta da idon na-gaya-miki. Ta ɗauko sabulu ta shafa a bakin hujin, ta ce ya murɗa, kar ya tura. Ya murɗa sau ɗaya, sau biyu, abu ya shige ɗam, ledar ta kama shi ta ko'ina ba wurin da allura za ta bi. Injiniya ya shafa wurin da yatsa.

"Hm," ya ce.

"Ƙara faɗa, ban ji ba."

"Na ce hm."

Daga nan kuma aiki ya koma hannunsa, kuma gaskiya ya iya. Zoben roba ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje. Da ta miƙo masa sifana ya ture. "Da hannu ake ɗaure wannan, Matar Yaya. Sifana fasa shi za ta yi." Ya kashe injin tace ruwan, ya yanke tiyon da ke maido da ruwa, ya sa masa mahaɗa mai baki uku, ya ja sabon tiyo ya bi gindin kwamin ta bayan ƙafafun ƙarfen har zuwa sabon bakin. Kowace gaɓa sai ya naɗa farin tef, ya ɗaure da maɗauri, ya ja ya ji. Ita kuwa tana biye da shi da buhun kayan aiki, tana miƙa masa abin da bai tambaya ba, tana ɗaukar hoto. Kafin azahar, innarta da yayyenta biyu da matar mai shagon ƙofar gida da wata ƙawarta da rabon su gaisa tun bara, duk sun san an sa mahaɗa mai baki uku.

Aka saki famfo. Ruwa ya riƙa hawa a hankali, hankalin da ya ishe ta. Ta ba Ɗigo abinci, ta kwantar da ita, ta ɗinke hannun wata riga, ta farke don a karkace ta ɗinka, ta fito ta duba sau ba adadi. Da ruwan ya taɓa ƙasan sabon bakin ta kasa kallo, ta juya baya.

"Zo ki gani," in ji Injiniya.

Ya yago takardar goge hannu ya manna a ƙarƙashin bakin ta waje. Ruwa ya haura, ya rufe bakin ruf. Suka jira. Ya ɗago takardar ya nuna mata a rana. A bushe ƙayau.

Ta yi tsalle, takalmi ɗaya ya fice. "Inna! Ba ya yoyo! Ko ɗigo! Au, Ɗigo na barci, ina nufin ko kaɗan!"

Da la'asar ta ji tsayuwar motar Baban Ɗigo, wadda yake rabon kaya da ita shaguna. Ta tare shi tun a ƙofa, ta karɓe jakarsa, tana ba shi labari daga ƙarshe zuwa farko. Ya zo ya tsaya a bakin kwamin, hannu a baya, ya duƙa ya duba hujin.

"Wa ya yanka?"

"Ita, Yaya," in ji Injiniya. "Da almakashin surfani. Kar dai ka faɗa a waje."

Baban Ɗigo ya yi ɗan murmushi. "To kunna mu gani."

Injin ya ɗauka. Tiyo ya yi tari, ya fesar da iska, sai ga ruwa na tultulowa ta baki biyu. Maman Ɗigo ta ruga ta ɗauko Ɗigo da ta tashi daga barci, ta zaunar da ita a kujerarta, ta ari agwagwar. "Ku kalla, yanzu za ta zagaye ko'ina." Ta ɗora ta a gaban sabon bakin.

Agwagwa ta tafi da gudu har tsakiya. A nan ta yi turus, ta juya, ta sake juyawa, sannan ta gangara gefe a hankali ta jingina da bango ta tsaya.

Maman Ɗigo ta ɗauko ta ta sake sakawa. Wannan karon ɗaya gefen ta gangara, ta tsaya. 'Yan ganyayen da iska ta zubo su ma sun rabu gida biyu, rabi dama rabi hagu, sun kwanta abinsu.



"Da wuri ɗaya ne ba ya motsi," in ji Baban Ɗigo a hankali. "Yanzu biyu."

"Injin ne ƙarami, Yaya," Injiniya ya ce yana sosa ƙeya. "An raba masa ƙarfi. Da za a samu babba..."

"Ba zancen babba ba ne." Ya juyo wajen matarsa. "Maman Ɗigo, kin yi ƙoƙari, na gani. Amma ni na riƙe yarinyar nan lokacin da ake wanke mata kunne. Ba zan sake jin wannan kukan ba."

Wayar ta yi ƙara a aljihunta. Inna ce, tana son jin yadda aka ƙare. Ta ciro ta ta ajiye a kan taga. Ta tuna yadda Sista ta ce a gida ne ƙafa ke samuwa, minti ashirin na asibiti sau ɗaya a sati ba ya isa. Ta durƙusa a gaban sabon bakin don kar su ga idonta, ta tsoma hannu. Ruwa na dukan tafinta da ƙarfinsa, ba wani rauni. Ta bi shi da hannu. Miƙe yake ɗoɗar, tsakiya ya nufa. Ta ɗago kai ta hango tsohon bakin a can. Shi ma tsakiya yake kallo.

"Injiniya. Wa ya ce ka sa su suna kallon juna?"

"Ai haka tsari yake. Wannan ya turo, wancan ya turo, a haɗu a tsakiya. Daidai wa daida."

"A haɗu a tsakiya a yi me? Dambe?" Ta miƙe. "Ka taɓa ɗauraye kaya a baho?"

"Allah ya sawwaƙe. Mai wanki gare ni."

"Shi ya sa har yau ba wadda ta yarda ta aure ka. In kana son ruwan baho ya juya, gefe ɗaya kake kora shi. Ka sa hannu biyu kana karo da su, sai dai ka jiƙa rigarka."

Sai kuma bidiyon ya faɗo mata. Can ƙarshe, mutumin ya sa yatsa ya murɗa wani abu a cikin bakin. Sau tara tana gani, ta ɗauka ƙara ɗaurewa yake yi.

Ba ta tsaya cire ko ɗankwali ba, ta tattare zani ta faɗa ciki. A tsakiyar bakin akwai wata 'yar ƙwallo mai huji, kamar ƙwayar ido. Ta sa babban yatsa ta danna, ta ji ta motsa. Ta karkatar da ita hagu, yadda ruwan zai bi jikin bango. Ta keta ruwan zuwa tsohon bakin. Wannan ya ƙi, ya daɗe a wuri ɗaya. Ta cije leɓe ta murɗa har farcenta ya karye, sannan ya yarda. Shi ma hagu.

Ta tsaya a tsakiya, zani ya manne mata a ƙafa. Ba abin da ya faru. Baban Ɗigo ya buɗe baki zai yi magana.

Ganye ɗaya ya motsa. Sai na kusa da shi. Sai ta ji ruwan na shafar ƙwaurinta ta gefe ɗaya, yana wucewa. Agwagwa ta saki bango kamar an tashe ta daga barci, ta kama hanya. Ta wuce gaban Injiniya, ta wuce tsohon bakin, ya ƙara mata gudu, ta bi ta wurin nan da ke yin kore ko waiwaye ba ta yi ba, ta dawo inda ta tashi ta sake wucewa. Ganyayen suka bi ta a layi, da suka zo bakin da ke zuƙa sai ya janye su ɗaya bayan ɗaya.

"La ilaha illallahu," in ji Injiniya. "Bahon ƙattai ya zama kogi."

"Baban Ɗigo, ka gani? Ka gani? Kalli can! Ba inda ya tsaya! Zagaya ka duba da kanka!"

Ya kuwa zagaya, a hankali, yana tsoma hannu kowane taku biyu. Da ya dawo inda ya fara sai ya yarfe hannu.

"Agwagwata ta gudu!" Ɗigo ta fasa ƙara daga kujera. "Mama, kamo min ita! A sa ni! A sa ni!"

Maman Ɗigo ta kalli mijinta. Ruwan sabo ne, kunne ya warke tun Talata, duk ya sani. Ya daɗe yana kallon agwagwar. Sannan ya shiga ɗaki, ya fito da 'yan toshen kunnen da Sista ta bayar da hular roba. Shi ya sa mata da kansa, ya ɗago ta ya miƙa ta ta saman bango.

"Riƙe ta da kyau."

Ruwan ya kawo wa Ɗigo iya ƙirji. Uwar ta tsaya a bayanta, ta riƙe ta ta hammata kamar kullum. Da, nan suke tsayawa, agwagwa na gabansu ba ta zuwa ko'ina, Ɗigo ta rungume ta ta saki nauyinta a hannun uwa, a yi ta lallashi ta ɗaga ƙafa ta ƙi. Yau agwagwa ta zo ta gifta ta gaban hancinta. Ta kai hannu, ta wuce.

"Ke! Tsaya!"

Agwagwa ba ta tsaya ba. Ta zagayo, Ɗigo ta sake kai cafka, yatsunta suka shafi jelar. Haushi ya kama ta. Ta turo baki, ta karkata gaba, ruwan na tura ta ta baya a hankali. Maman Ɗigo ta ji nauyin da ta saba ji a hannunta ya ragu. Ta leƙa ƙasa. Ta cikin ruwan garau ta ga 'yar ƙafar dama ta ɗaga, ta sauka a gaba. Ta hagu ta biyo.

Ta sassauta yatsunta kaɗan, ta ga abin da zai faru. Ƙafar dama ta sake ɗagawa.

Sai ta ga hannuwanta biyu a buɗe, ba komai a cikinsu sai ruwa.

Guɗa ta taso mata tun daga ciki, ta cika mata ƙirji, ta iso baki. Ta datse ta da haƙora. Yarinyar ba ta san an sake ta ba. In ta ji ihu za ta waigo, in ta waigo za ta gani, in ta gani za ta zauna.

Baban Ɗigo ya dafa ƙarfen kwamin da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. A kan taga waya ta hau ruri.

"Gidan Rediyo," Injiniya ya ce cikin raɗa. "Ga Inna na kira. Yau ga labari."

Ta girgiza masa kai, ba ta ko dube shi ba. Ta bi bayan Ɗigo a duƙe, tafukanta taƙi ɗaya daga 'yar rigar, bakinta gum. Ɗigo na gaba tana yi wa agwagwa masifa. Wayar ta yi ta ruri har ta gaji ta yi shiru.

Taku bakwai, in ji Maman Ɗigo a zuci. Takwas. Tara.